Ranar da Na Sa Hannu a Ƙona Tutar Baba Arzika

Cikin shekara talatin da ɗoriya da na yi ina aikin gwamnati, ranakun da na manta sun fi waɗanda nake tunawa yawa. Amma ban taɓa mantawa da Juma'ar ƙarshe ta watan Satumba na 1990 ba, kuma ba na jin zan manta da ita. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin a tashi, to ga shi. Kada ku gyara zama da zaton za ku ji bajinta. Labarin ranar da na kusa ƙona amanar wani tsoho ne, da sa hannuna kuwa.

A lokacin ni ƙaramin jami'in wayar da kai ne, mataki na shida, a wani ofishinmu da ke Gwandu. Muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, don sai a shekarar da ta biyo baya aka yanke mana Kebbi. Aikina shi ne in ɗaure lasifika a bayan babur in bi ƙauyuka, Dalijan yau, Masama gobe, wani lokaci in tsallaka har Kalgo da Wurogauri, ina sanar da jama'a abin da gwamnati take so su sani: rigakafi, takin zamani, tsabtar gari. Ina da ƙuruciya, ina da baki, kuma ina ganin duk ofishin nan babu mai saurina.

Shekarar nan ƙasa za ta cika talatin da samun 'yancin kai. Shugaban ofishinmu, Alhaji Tukur, ya kira ni ya ce bana ba fareti kaɗai za a yi ba. Za a keɓe aji ɗaya a makarantar firamare a jera kayan tarihi na lokacin samun 'yanci, domin yara su gani da idonsu.

Ya ce, "Ummaru, kai ne ka san lungu da saƙo. Duk wanda ya ajiye wani abu na 1960, ka aro. Aro na ce. Ranar Talata kowa a mayar masa da kayansa."

Na samo abubuwa ba laifi. Wani tsohon malami a Dalijan ya ba ni kofin da aka raba wa 'yan makaranta a wancan lokaci, na sami tsofaffin hotuna biyu, da wata rediyo da ta daina magana tun kafin in yi wayo. A Kalgo ne aka ce mini in nemi Baba Arzika Tela, wai yana da tuta.

Na same shi ranar Laraba a rumfarsa ta bakin kasuwa, tsoho siriri, ya ɗora tabarau a karan hanci yana wa wata hula ƙube. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Wagga tuta ba ta hita, yaro. Shekara talatin ba ta kwana waje ba."

Ni kuwa ba a san ni da komawa hannu rabbana ba. Na zauna, na tambaye shi yadda aka yi ya same ta. Nan ya ajiye allura ya ba ni labari.

Ya ce a 1960 an yi damina mai ƙarfi, ruwa ya cika fadama ya yanke hanya, tutar da aka ce za a aiko wa makarantar garin ba ta iso ba. Ana saura kwana biyu hedimasta ya zo wurinsa da hoton tutar a takarda, ya ce ko zai iya ɗinka irinta. Farin bai yi wuya ba, masaƙa na nan. Koren ne aka rasa, an zagaye kasuwa kaf babu. A lokacin Baba Arzika ango ne, ko wata biyu bai yi da aure ba. Amaryarsa ta ji ana maganar daga cikin gida, sai ta buɗe kayan lefenta ta fito da wani koren zane sabo, wanda ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba, ta miƙo masa. Ba shi da keken ɗinki a wancan zamani. Da zare da allura ya haɗa ta, kuma ita aka ɗaga a filin makaranta ranar ɗaya ga Oktoba. Da tutar gwamnati ta iso daga baya, hedimasta ya mayar masa da tasa.

Ya ce, "Uwar Balkisu ta rasu shekara bakwai ke nan. Kayanta duk anka raba, kamar yadda addini ya ce. Wannan zanen ɗai ya rage min."

Da ni mai hankali ne, da na yi masa godiya na tashi. Amma labarin ya ƙara mini kwaɗayi, don na ga babu abin da zai kai ta a ɗakin nan namu. Na yi ta magiya, na ce yaran yanzu sun ɗauka 'yanci daga sama ya faɗo, ya kamata su ga abin da iyayensu suka yi da hannunsu. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Can ya tashi ya shiga gida, ya fito da ita a naɗe cikin wani farin ƙyalle.

Ya ce, "Ban san ofis ba, ban san gwamnati ba. Kai na sani, kai na ba. Talata."

Na ce, "Talata, Baba, in Allah ya yarda. Da hannuna zan kawo maka."

Yanzu sai in yi muku bayanin wata ƙa'ida, don ku na yanzu ban ga kuna binta sosai ba. Kowace shekara, a makon ƙarshe na Satumba, ana aiko mana da sababbin tutoci daga hedikwata. Sai makarantu da ɗakunan shan magani su kawo tsofaffin da rana ta cinye, a musanya musu. Tutar ƙasa in ta tsufa ba a jefa ta juji, ba a mayar da ita tsumman goge tebur. Ƙonawa ake yi a keɓe, cikin mutunci. Jami'i ya sa hannu a takarda, babban masinja ya aiwatar.

Babban masinjanmu shi ne Saje Noma, tsohon soja, ya ba sittin baya, yana ɗan jan ƙafar hagu. Mutum ne da ba ya yin komai da sauri. In aka ba shi tutoci ashirin ya ƙona, sai ya shimfiɗa tabarma a bayan ofis, ya ɗauki kowace ɗaya ya buɗe ta gaba ɗaya, ya karkaɗe, ya duba gaba da baya, ya ninke ta tsaf kamar za a kai wa surukai, sannan ya ɗora a wuta ya ƙame har ta cinye. Sai ya ɗauko ta gaba. Aikin minti goma sai ya kai shi azahar. Mu samarin ofis Hawainiya muke kiransa a bayan ido, kuma in faɗa muku gaskiya ni na raɗa masa sunan.

Na dawo daga Kalgo da yammacin Laraba a gajiye. Na kwance ƙyallen na nuna wa abokan aiki tutar, kowa ya taɓa, kowa ya yaba. Koren ya koɗe har ya koma kalar ganyen da ya fara bushewa, farin ya yi ja-ja. Saje ba ya nan, yana fili yana koya wa 'yan makaranta maci. Da za a tashi, sai na ji tsoron ɓeraye, don kabad ɗina ya huje ta baya. Na ga wani kwali babu komai a ciki a gefen ƙofa, na saka ta, na rufe, na ce gobe na nemo mata wuri. Ban rubuta komai a jikin kwalin ba. Ƙyallen da aka naɗo ta kuwa na cusa a aljihun babur.

Ranar Alhamis tun da safe na tafi Masama shelar fareti. A bayana malaman makarantu suka yi ta zuwa da tsofaffin tutocinsu. Na farko ya buɗe kwalin nan, ya ga tsohuwar tuta a ciki, ya ce to nan ake tarawa, ya jefa tasa. Sauran suka bi sahu. Ba laifinsu ba ne, ko ni ne haka zan yi.

Juma'a da safe ina ta hanzari zan tafi makaranta shirya ɗakin tarihi, Saje ya tare ni a bakin ƙofa da takarda da kwali a hammata. Ko kallon kwalin ban yi ba. Na jingina takardar da bango na sa hannu.

Na ce, "Saje, don Allah yau a taimaka. Aiki ya yi mana yawa. Ka juye su wuri ɗaya ka zuba kananzir, a wuce wurin. Wannan naɗe-naɗen naka ba a rubuce yake ba."

Ya karɓi takardar ya ninke ta biyu. Ya ce, "Malam Ummaru, kai ka yi naka. Bar ni in yi nawa."

Na yi tsaki a zuci na hau babur.

Wajen ƙarfe sha biyu na gama jera kofi da hotuna da rediyo, na bar bangon tsakiya fili domin tutar. Har na buga ƙusoshi. Na koma ofis in ɗauko ta, na duba gefen ƙofa, babu kwali. A take na tuna abin da ke hammatar Saje da safe. Na zagaya baya da gudu. Toka ce tsibi guda, har ta fara hucewa, ga kwalin a kife a gefe. Na tsuguna na sa hannu ina tonawa kamar mahaukaci. Babu abin da na samu sai 'yan zobban ƙarfe na igiyar tuta.

Na nemi Saje, aka ce ya tafi gida shirin masallaci. Na shiga wurin Alhaji Tukur na faɗa masa, hannuna duk toka. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Wa ya aro?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa hannu?"

"Ni ne."

Ya ce, "To wa kake so in hukunta? Ni abin da zan iya shi ne in rubuta maka takardar gargaɗi. Amma takarda ba za ta je Kalgo ta dubi tsohon nan ba. Kai za ka je."

Ban san abin da liman ya faɗa a huɗubar ranar nan ba. Ina zaune a sahu ina ganin Baba Arzika yana miƙo mini ƙyallen nan. Kuma a nan, cikin masallaci, shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓa. Na ce ai tsohon idonsa ya yi rauni. In na sami koren yadi da farin saƙa, aka ɗinka da hannu, aka jiƙa a ruwan shayi aka shanya kwana biyu, wa zai gane?

Ana sallamewa na nufi wurin wani tela da ke yi mini ɗinki a Gwandu, Sani. Na zayyana masa komai, na ce ya rufa mini asiri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam Ummaru, ka ce shi ya ɗinka da hannunsa? To ko makancewa ya yi, yatsansa na sauka a kan ɗinkin zai san ba nasa ba ne. Kowane tela ya san tafiyar allurarsa. Ka ƙona masa tuta, wannan kuskure ne. In ka kai masa ta ƙarya, ka mayar da shi wawa. Ni ba da ni ba."

Na fito daga shagon nan kunya ta ishe ni. Kun san halin ɗan Adam, in kunya ta yi masa yawa sai ya nemi wanda zai sauke wa. Sai na ce ai duk laifin Saje ne. Shi da yake buɗe kowace tuta shekara da shekaru, me ya sa yau bai gani ba? Na manta sarai cewa ni na ce masa kada ya buɗe.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa, yana zaune a kan buzu yana gyara wa akuya igiya. Ko sallamar kirki ban yi ba. Na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ce shekarunsa sun tashi a banza, na ce ya jawo mini abin kunyar da ba zan wanke ba, har Hawainiyar nan na faɗa masa a gaban idonsa. Bai katse ni ba. Sai da na gaji don kaina na yi shiru.

Ya ce, "Ka ƙare?"

Na ce na ƙare.

Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ciki yana jan ƙafar nan. Na ji ƙarar buɗe akwatin ƙarfe. Ya fito riƙe da abu a hannu biyu, a ninke tsaf, kusurwa ta haɗu da kusurwa. Kore mai kalar busasshen ganye, da fari ja-ja.

Wallahi zama na yi a ƙasa, a cikin turɓaya, da kayan Juma'ata.

Ya ce, "Ita ce ta ƙarshe a gindin kwali. Da na buɗe ta, na ga wagga ba ta kamfani ba ce. Ɗinkin hannu ne, farin saƙar gida ne, koren kuma ga bakin zanen mata nan a jikinsa. Na ce wanda ya ɗinka wagga ba don a ƙona ya ɗinka ba. Takarda ta ce tutocin gwamnati, wagga kuwa ta wani ce."

Na ce, "Saje, me ya sa ba ka bar ta a ofis ba? Na kusa mutuwa."

Ya ce, "Na neme ka, anka ce ka tahi makaranta. Ofis kuwa, wanda ya jefa ta kwali shekaranjiya yana iya sake jefa ta gobe."

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini, da abin da na faɗa yanzu da wanda na daɗe ina faɗa a bayansa. Ya yi 'yar dariya ya ce sunan ya daɗe da isa kunnensa, kuma hawainiya ai ba ta faɗowa daga reshe. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa tambayarsa ba. Ya ce a soja wani babbansu ya koya musu cewa abin da za ka rabu da shi har abada, ka dube shi da kyau tukuna, don wuta ba ta mayar da abin da aka ba ta. Shi ke nan dalilin naɗe-naɗen da nake yi wa tsaki.

Bai ba ni tutar a ranar ba. Ya ce ta kwana a akwatinsa har Litinin. Ban yi musu ba.

Ranar Litinin, ɗaya ga Oktoba, shi da kansa ya rataye ta a bangon ajin, ya tsaya a gefenta cikin tsohon kakinsa tun safe har aka tashi, ba ya barin kowa ya taɓa. Bayan fareti aka riƙa shigo da 'yan makaranta aji-aji, ni kuma ina ba su labarin ruwan da ya yanke hanya da amaryar da ta ba da zanenta. Kofi da rediyo ba su sami masu kallo sosai ba. Wata malama ta tsaya ta daɗe a gaban tutar, ta ce ita duk karatun da ta yi ba a taɓa gaya mata akwai hannun mace irin uwarta a cikin wannan rana ba.

Talata da hantsi ina Kalgo. Na mayar da ita cikin ƙyallenta na miƙa wa Baba Arzika. Na yi niyyar in yi godiya in tashi, don tuta ta dawo lafiya, wa zai tambaye ni? Ya kwance ƙyallen, bai ma buɗe tutar ba, ya shafa ninkin da yatsa.

Ya ce, "Wa ya ninke ta? Ba kai ba ne."

Na ce, "Yaya aka yi ka sani, Baba?"

Ya ce, "Na ga yadda ka cusa ta a jaka ran Laraba."

Sai na faɗa masa komai, tun daga kwali har zuwa shagon Sani, ban rage ko ɗaya ba. Ya riƙa bin ɗinkin da yatsansa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na zaci zai kore ni.

Ya ce, "Da ka kawo min ta ƙarya, da na karɓa na yi maka godiya, ban ce maka komi ba. Amma da ban sake ba wani ɗan gwamnati ko ruwan sha ba." Ya numfasa. "Shi wanga Saje, dogo ne ko gajere? Kansa babba ne?"

Na kwatanta masa. Bayan mako uku ya aiko da hula ta hannun wani direba, ƙube mai zaren kore da fari, ɗinkin hannunsa. Ta zauna wa Saje daram kamar an gwada. Ita yake sawa duk ranar ɗaya ga Oktoba har ya bar aiki. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Tutar tana hannun 'yarsa Balkisu a Kalgo, na gan ta da idona shekarun baya.

Takardar gargaɗin da Alhaji Tukur ya rubuta mini tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ban taɓa neman a cire ta ba. Na gode masa da bai rufa mini ba, na gode wa Sani da ya ƙi ni. Amma godiyar da ba zan iya gamawa ba ta Saje Noma ce, mutumin da ko suna ba ya iya rubutawa sai dangwale, wanda ya ƙi bin umurnina ya tsare mini mutuncina.

Abin da na koya shi ne, mu masu biro muna ganin mu ne ofis, don mu ke sa hannu. Amma tarihin ƙasar nan ba a kabad ɗinmu yake ba. Yana cikin akwatunan mutane, a naɗe da ƙyalle, kuma in sun ba mu aro, mutum suka ba, ba hatimi ba. Masu tsare shi kuma sau da yawa su ne waɗanda muke wucewa a bakin ƙofa ba gaisuwa.

Daga shekarar nan har ya bar aiki, duk ƙarshen Satumba ni nake ɗaukar tabarma in bi Saje bayan ofis. Shi ya kama wannan gefe, ni in kama wancan, mu buɗe, mu duba, mu ninke. Bayan ya tafi na ci gaba ni kaɗai. Samarin da suka zo bayana sun raɗa mini suna, sun ɗauka ban sani ba. Hawainiya suke ce mini, kuma ban taɓa samun lambar girma da ta kai wannan ba.